Lallen Inna a Ranar Zaɓe

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya maigida da su Ummi, ya kuma zaman Fatakwal? Mu nan Daura lafiya lau, ƙafar Baba ma ta yi sauƙi.

Labarin zaɓe zan ba ki. Bana matan unguwarmu sun fito sosai, saboda wani ɗan takara ya yi alkawarin gyara magudanar da ke cika mana gidaje da ruwa. Layinmu har ya zagaya bayan firamare. Wasu ma sun fasa ƙunshi, don an ce na'urar tantance masu zaɓe ba ta gane yatsa mai lalle.

Inna kuwa ta riga ta ƙunsa nata. Da aka zo kanta, na'ura ta ƙi yatsanta sau uku. Hankalinta ya tashi, ta ce wa ma'aikacin, "Ɗana, tun hantsi nake tsaye, babu inda za ni." Sai ya ɗauki hoton fuskarta da na'urar, nan take aka tantance ta. Mata suka yi ta guɗa.

Da muka dawo, Baba ya tambaye ta ko ɗan jam'iyyarsa ta dangwala wa. Ta ce, "Malam, shekara arba'in ina bin ra'ayinka, yau na bi nawa." Nata ne ya ci a rumfarmu, yanzu Baba "Shugabar Mata" yake kiranta.

Ki sa mu a addu'a, Allah ya sa su cika alkawari. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi