Sunan Malam Illa Bai Gama Fitowa Ba

Damagaram, 14 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Sha'ibu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Wasila da yara. Yaya zafin Yamai? Inna na gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. Ruwa dai har yau shiru.

Sha'ibu, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Tsarin nan da ka saka mana a odinatar biro, wato kwamfutar ofishinmu, don rabon irin gero, wa ya ce ka yi masa kwalliya? Da can in na buga sunan gari, sunayen mutane sai su fito tar. Yanzu wai ya fi kyau su riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya, dishi-dishi, kafin su yi baƙi. A injinka ƙila ƙiftawar ido ne. Namu tsoho ne, sai in je in sha ruwa in dawo bai gama ba. Ana ta kai, wa ke ta kaya?

Ranar Litinin Malam Illa na Tirmini ya zo, wanda yake kawo wa Baba kara. Ka san halinsa, ko yunwa za ta kashe shi ba ya roƙo. Na buga masa Tirmini, sai aka kira ni waje, kamiyo, babbar motar kaya, ya iso. Ya taɓa lakkol, makarantar boko, ya iya karanta sunansa. Ya leƙa ya ga na sama sun yi baƙi, nasa can ƙasa fari-fari kamar an goge. Ya ɗauka an soke shi. Bai tambayi kowa ba, kada a ce ya zo bara. Da na dawo ga sunansa ɓaro-ɓaro, tiya goma sha biyu, shi kuwa babu shi.

Ka cire abin nan yau, ba gobe ba. Allah ya sani ina alfahari da kai, amma da kana kusa da ka sha ranƙwashi. Kafin nan, duk wanda ya zo, da ɗankwalina nake rufe gilashin odinatar har ya gama yangarsa.

Na aika da saƙo Tirmini, jiya Kulu matar Malam Illa ta zo, ita ta ba ni labarin yadda aka yi. Ashe tun Laraba ya sayar da akuyarsu ta ƙarshe ya hau mota zuwa Kano neman aiki, a lokacin da kowa ke dawowa gona. Na ba ta irin. Ta rungume buhun tana tambayata wa zai shuka in ruwa ya sauka. To kai faɗa min, me zan ce mata?

Allah ya tsare min kai.

Yayarka,
Lubabatu