Shinkafa da Koren Shayi a Rumfar Iya Phang

Ipoh, watan takwas

Zuwa ga Yayata Siew Lan,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yaya Kok Meng da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sa sanyin Vancouver ya zo muku da dama bana. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana shanya bushewa. Goggo Yuet Ngor ta fito daga asibiti, har ta koma yi wa maƙwabta faɗa a kan karensu, kin ga kuwa ta warke ke nan.

Maganar ɗanki Kar Fai ce ta sa na ɗauki biro. Kin san tun rasuwar babansa yaron nan bai taɓa roƙona komai ba, sai wannan karon. Ya samu yarinya, sunanta Chui Ping, malamar makaranta ce. Na duba ta sama da ƙasa, kin san halina, ban samu abin kushewa ba. Tsaikon daga uwarta yake. 'Yar ƙabilar Hakka ce, ana ce mata Iya Phang, tana da rumfa a kasuwar masu abinci ta Jelapang, kuma ta rantse ba za ta kai 'yarta gidan da za a riƙa yi wa danginta kallon ƙauyawa ba. Wai ta san mu mutanen Kanton, baki da zuma, hanci a sama. Ta ce ba zancen sa rana sai uwar yaro ta zo rumfarta ta ci abinci, ita kuma za ta gani da idonta.

Yaya, kin san abin da matar nan take sayarwa? Lui cha, shinkafa da koren shayi. Abin nan da ni da ke muke tsallaka titi saboda warinsa in za mu makaranta. Na yi furfura a garin nan ban taɓa kai shi bakina ba. Ranar zuwa rumfar, a mota Kar Fai ya yi ta lallashina, ya ce, “Mama, don Allah ki riƙe fuskarki. Ko me kika ji, kada ki yatsina, Chui Ping nake so.” Na ce masa ya tuƙa motarsa, ni na haife shi ba shi ya haife ni ba.

Muka sami Iya Phang zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta matse wani kasko tsakanin gwiwoyinta tana murza ganyen shayi da na'a-na'a da ɗoɗɗoya da riɗi da gyaɗa, da wani ganye mai ɗaci da ban ma so in san sunansa. Gajeriya ce, damatsanta kamar na ɗan dako. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta nuna mana teburi. Don ƙarin azaba, teburin yana jikin rumfar mai gasa agwagwa, ƙamshin yana shiga hancina ina haɗiyar yawu. Chui Ping ta kawo kwanon shinkafa, an rufe ta da yankakken ganye kala-kala da dogon wake da awara da soyayyar gyaɗa. Har na ce a raina wannan da sauƙi, akuya ma tana ci ta rayu. Sai uwar ta taso da ludayi ta kwarara wani ruwa kore shar a kai, mai kauri da kumfa, shinkafar ta nutse. Kin tuna kwatar bayan tsohon gidanmu in ruwa ya kwana biyu a tsaye? To, ita ce, sai dai wannan da zafinta.

Cokalin farko na ji na'a-na'a, sai ɗaci ya biyo baya, sai wani ɗanɗanon ƙasa ya zauna mini a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Na ɗago na ga idon Iya Phang a kaina, na ga Kar Fai ya daina numfashi. Na ce ranar biyan buƙata rai ba a bakin komai yake ba. Na yanke shawarar in yi masa shan magani, in gama da wuri in huta. Kuma kin san tarbiyyar Mama, wai duk wadda ta bar ƙwayar shinkafa a kwano za ta auri mai zanzana a fuska. Na tsufa amma hannuna bai manta ba, na sharce kwanon nan tas, na ajiye cokali ina murmushin wadda ta tsira.

Kafin in goge baki ta sake cika shi. Ashe a wajensu baƙon da ya ƙoshi barin kwanonsa yake da saura, sai zai tashi ya ƙarasa, wanda ya share kuwa ƙari yake nema. Wa zai gaya mini? Kar Fai ya taka ƙafata a ƙarƙashin teburi, wai in dakata, ni kuma na ɗauka cewa yake in ƙara himma. Na sharce na biyu, ta cika. Rashin sani ya fi dare duhu. Mai agwagwa ya leƙo yana dariya, wai yau Iya Phang ta samu wadda za ta karya mata jari. A kwano na uku gumi ya jiƙa mini riga, hawaye suka cika idona saboda ƙoƙarin danne abin da ke tasowa.

Hawayen nan ta gani. Ta ajiye ludayi, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, abin da Chui Ping ta ce ba ta taɓa yi ba ana tsakiyar ciniki. Ta ce, “Maman Kar Fai, da wannan kaskon na ciyar da 'ya'yana bayan ubansu ya mutu. 'Ya'yana maza yanzu kunyarsa suke ji, ko rumfar ba sa zuwa. Ke kuwa kin ci har kin yi kuka. Ki ɗauki yarinyar, taki ce.” Ta ɗauko sandar da take murzawa da ita, ta itacen gwaba, ta naɗe a jarida ta miƙa wa 'yarta, ta ce tunda surukarta tana so haka, duk Lahadi ta niƙa mini. Wai sandar ta uwarta ce, da ta gaje ta har ƙirjinta take kaiwa, yanzu ba ta fi kamu ɗaya ba. Na tambaya ina sauran ya tafi. Ta yi dariya ta shafa cikina.

Ba mu yi nisa ba na sa Kar Fai ya tsaya a bakin kwata, na mayar da shayin da gwabar duka. Yana riƙe da jakata yana dariya, da na ɗago na ga shi ma hawaye yake, sai godiya yake mini kamar ƙaramin yaro. Har yau in na ga koren abu zuciyata tashi take, ko man goge baki na canza. Na so in gaya wa Chui Ping gaskiya, amma in na tuna fuskar uwarta lokacin da take maganar 'ya'yanta maza, sai in ji ba zan iya ba. Zan ci, Yaya. Duk Lahadi zan ci, har iyakar kwanana.

An sa biki watan sha ɗaya, kuma ba zan karɓi uzurin gwiwa ba. Ki zo da shirinki, don da Iya Phang ta tambaya ko duk gidanmu haka muke son lui cha, na ce mata ai ni ban iya ci ba, ta bari sai Yayata ta zo.

Ki gaida Yaya Kok Meng, da Sook Yee da mijinta, da Wai Hong, ki shafa mini kan jikata Yan Ting. Kar Fai da amaryarsa suna gaishe ki da kyau.

Taki ƙanwa,
Siew Kuan