Azumin Mai Ganga

Lahadi da dare, mako na biyu na azumi

Yau ma Bulus, mai kaɗa mana ganga, bai zo coci ba. Tun Larabar Toka, ranar farko ta azumi, da muka ajiye ganguna sai Ista, kamar yadda muka saba, ban ƙara ganinsa cikin matasan da nake kula da su ba. Da yamma na bi shi tashar Utako inda yake lodin kaya.

"Anti Rahila, me zan zo yi?" ya ce. "In ba ganga, benci kawai nake cikawa. Ni ban iya addu'a da baki ba, da hannu nake tawa."

Na shirya masa dogon bayani tun a mota, cewa azumi ajiye abin da muke so ne domin mu ji muryar Allah. Sai na ajiye bayanin. Mu abinci kawai muka bari, shi kuwa addu'arsa aka karɓe.

Ba zan bar yaron nan shi kaɗai cikin shirun nan ba. Na ce ranar Juma'a zan zo mu tafi addu'ar Hanyar Gicciye tare, ko bai ce komai ba ya durƙusa kusa da ni. Ya ce ogansa ba zai sake shi ba.

Gobe da sassafe ni da ogan ne.