Kujerar Inna a Jirgin Baba

Tsibirin Yokji, farkon Afrilu

Zuwa ga 'yata Bok-hui,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da mijinki Pyo kuna lafiya a Busan. Mu nan ƙalau, kifi ne dai ya yi ƙaranci.

Tunda haɗa wutar jirage ce sana'ar mijinki, ki ce ya nemo mini na'urar nan da ake kira rada, mai nuna jirage da duwatsu a allo ko da hazo ya rufe teku. Na san na sha yi wa masu ita dariya. Yanzu idona ya soma rauni, lokacin hazo kuma ya matso. Ƙarama nake so, daidai jirgina.

Kada ki yi wa innarki zancen. Amsar ma ki aiko ta ofishin masunta.

Mahaifinki,
Ok Du-chil

Busan, tsakiyar Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, Pyo ma yana gaishe ka. Wasiƙarka ta tayar mini da hankali. Tun yaushe idon yake damunka ka yi shiru? Na yi magana da wani likita a nan, don haka ka shirya zuwa.

Pyo ya ce iri biyu ne. Akwai mai doguwar sanda da ke juyawa a fili, ta fi hangen nesa, amma tana shan batir, igiya da koma kuma za su riƙa sarƙewa da ita. Akwai mai murfi kamar kifaffen kwano, ita ya zaɓa maka. Ya ce ka auna masa rufin ɗakin tuƙi, ka faɗi abin da ke tsaye a gabansa, don ba ta son abin da zai tare ta. Ka kuma faɗi gaskiyar shekarun batirinka.

Baba, me ya sa Inna ta daina karɓar wayata? Fushi take da ni?

'Yarka,
Bok-hui

Yokji, ƙarshen Afrilu

Bok-hui,

Ina gaishe ki, amma raina a ɓace yake. Matar ofishin masunta ce ta miƙo mini wasiƙar da kika aiko wa babanki a bakin kasuwa, na karanta tas na mayar mata. Washegari kuwa sai ga tsohon nan a kan rufin jirgi da igiya yana ta aune-aune. Na tambaye shi, wai tsatsa yake dubawa. Tsatsa da igiya!

Kusan shekara arba'in ni ce kunnen jirgin nan. In hazo ya sauka, shi yana tuƙi, ni ina zaune a goshin jirgi na cire ɗankwali ina saurare. Na san ƙarar injin kowa a tsibirin nan, na san yadda ruwa ke dukan dutsen da ke bakin mashiga. In na ɗaga hannun dama ya yi dama, bai taɓa tambayar dalili ba. Yanzu kwano zai ɗora a rufi, ni kuma in zauna gida ina shanya dankali.

To, bari in faɗa miki, tunda kin tambayi zancen waya. Ba fushi nake ba. Ba na jin ki ne. Tun damina ta bara muryarki ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa. A jirgi ma zama kawai nake yi ina karkata kai, wai ina saurare. Babanki bai sani ba. In kin gaya masa, ni da ke ne.

Na aiko miki da busassun ƙananan kifi da ganyen teku. Ki riƙa cin abinci, a hoton nan duk kin rame.

Innarki,
Mal-sun

Yokji, farkon Mayu

'Yata,

Ina gaishe ku. Awon rufin yana bayan takardar nan. Batirin ya tsufa, Pyo ya zo da sabo.

Ki ba likitan haƙuri. Idona garau yake.

A watan Maris hazo ya same mu a hanyar dawowa. Wani babban jirgin kaya ya busa ƙaho har na ji shi a haƙarƙarina. Na duba goshin jirgi, innarki tana zaune, kanta a karkace, hannuwanta a cinya. Ko motsi ba ta yi ba. Na karya kan jirgi da ƙarfi, ya wuce mu kamar bango. Da muka sauka ta ce mini, "Yau teku shiru." Na ce, "Shiru kam."

Ba zan iya ce mata ta zauna a gida ba. Rabona da fita teku ba ita tun kina goye. Ki gaya wa mijinki a ƙarshe ba a gaban kujerata allon zai zauna ba. Duk abin da na faɗa ranar, ya bi ni kawai.

Mahaifinki

Yokji, ƙarshen Mayu

Bok-hui 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Mijinki ya zo ya koma, na san ba zai ba ki labarin yadda ya kamata ba, mutumin da sai an matse shi yake magana.

Da farko na ƙi zuwa bakin ruwa. Da rana ta take na kai musu shinkafa da kimcin kabeji, don ba zan bar surukina da yunwa ba. Na tarar ya ɗora kwanon a kan ƙarfe, sama da kan mutum, ya zuro wayar ta rufi ya toshe ramin da danƙo saboda ruwa. Aikinsa tsaf. Sai ya kunna allon, ya ce babanki ya duba.

Tsohon nan ya kai hancinsa har jikin gilashi, ya ja da baya, ya murza ido. Ya ɗaga murya ya ce, "Ni ban ga komai ba sai kore-kore. Ɗebe abinka."

Pyo ya ce, "Baba, ga tsibirin nan fa a fili."

"Na ce ban gani ba!"

Haushi ya kama ni. Na ture shi na ce, "Kauce, makahon banza." Na duba. Bok-hui, ga mashiga, ga dutsen, ga wani ɗigo yana tafiya a hankali. Na ce wannan jirgin tsoho Tak ne yake dawowa daga wajen komarsa. Pyo ya leƙa taga, ya juyo yana dariya, shi ne kuwa.

Babanki ya ce, "To, tunda ke kike gani, sai ki zauna nan." Ya sa Pyo ya kwance allon ya mai da shi hagu, nesa da kamfas mai nuna alƙibla, ya kafa mini kujera a gabansa, har da matashi. Pyo ya yini yana koya mini maɓallan: wanda ke kawo nesa kusa, da wanda ke share ƙazantar da igiyar ruwa ke zubawa a allon. Da hannu ya riƙa nuna mini, bai sa ni na ce "me ka ce?" ko sau ɗaya ba. Yaron kirki kika aura.

Ki gaishe shi. Ya manta hularsa a nan.

Innarki

Yokji, Yuni

Bok-hui,

Ina gaisuwa. Jiya hazo ya rufe mu ruf, ko goshin jirgi ba a gani. Na ga ɗigo biyu a allo, na dafa kafaɗar babanki ta dama, ya yi dama. Mun shigo lafiya, har jirage uku suka biyo bayanmu.

Yau da safe na leƙo tsakar gida na same shi yana cire wa kyanwa ƙaya a tafin ƙafa, ƙayar da ni sai da na sa tabarau na gan ta. Da ya hango ni sai ya hau lalube.

Na juya na koma ɗaki. Kada ki gaya masa na gani.

Ki huta lafiya.

Innarki,
Mal-sun