Yafiyar Ranar Talata

Ƙofar 'Yandaka, Katsina.
Ranar Asabar.

Zuwa ga Yayata Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Yaya karatu, yaya zaman Zariya? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma kasuwa, Umma kuma ta ce kin yi shiru da yawa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Kawu Sule direba maimakon in kira ki. Kin san wayar Umma muke amfani da ita, kuma duk mai yin waya a gidan nan a tsakar gida yake yi, kowa na ji. Maganar da ke cikina ba ta tsakar gida ba ce.

Wani yaro ya rasu a garin nan, ɗan wata makarantar maza, sunansa Nasiru. Ban san shi ba. An ce shi ya kashe kansa. Kafin a dawo daga maƙabarta hotonsa ya cika wayoyi, haɗe da rubutun ƙarshe da ya yi a Facebook, ana cewa a tura wa 'yan'uwa don a yi masa addu'a. A gurup ɗin ajinmu har da masu yaba daɗin kalamansa. Ni ma na tura. Mutum ɗaya na tura wa, Rashida.

Kin tuna ta? Wadda muke benci ɗaya, mai gyara mini lissafi, wadda kika ce ta fi ni baki nesa ba kusa ba. To babu bakin yanzu. Zangon da ya wuce ita ta wakilci makarantarmu a muhawarar Turanci. Tana tsakiyar magana kalmomin suka ɓace mata, ta tsaya tana maimaita kalma guda, hawaye na zuba. Wani ya ɗauka a waya, aka haɗa da kukan akuya aka sa a TikTok. Har yaran unguwarsu sun haddace. Tun daga nan ta fice daga gurup ɗin, shi ya sa na tura mata ita kaɗai, don kada ladan addu'ar ya wuce ta.

Amsarta ce ta hana ni sukuni. Ba ta ce Allah ya jiƙansa ba. Cewa ta yi shi dai ya huta.

Sai na tuna da babbar salla, muna dakan dambun nama, kina ba ni labarin binciken da kike yi a jami'a kan rubuce-rubucen matasa a intanet da halin da zukatansu ke ciki. Kin ce masana sun lura idan aka yi ta yayata irin wannan mutuwa ana ƙawata ta, takan ja wanda dama yake bakin gaɓa. Ranar hankalina na kan turmi, ban saurara sosai ba. Yaya, abin da na aikata ke nan? Ni fa addu'a na nema masa. Ta yaya neman addu'a zai zama cutarwa? Na tambayi Umma a kaikaice, ta ce addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Baba ya ji mu, ya ce kada a ƙara ambaton zancen a gidansa. Ke kuma naki daban. Dukanku na yarda da ku, shi ya sa na rasa wurin tsayawa.

Don Allah ki ba Kawu amsa a rubuce, ki liƙe ta da kyau. Ki gaida abokan karatunki.

Ƙanwarki,
Baraka.


Ranar Laraba.

Yaya Mairo,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan gajiyar karatu ta bi lafiya. Kowa na gaishe ki. Na ga saƙo da hijabin, ya yi mini daidai, Allah ya saka da alheri.

Na karanta amsarki har takardar ta yi laushi. Kin ce in goge hoton, na goge. Kin ce ba abu ɗaya ke kai mutum can ba, abubuwa ne ke taruwa, na ɗan ji sanyi. Sai kuma kika ce in tambayi Rashida kai tsaye, in kira abin da sunansa, wai bincike ya nuna tambaya ba ta dasa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Kuma in ta ce e, kada in riƙe ni kaɗai, in gaya wa babba. Yaya, a gaban takarda kin ce zancen yana ja, a bayanta kin ce zancen yana ceto. Kin ce na farko shela ce a kasuwa, na biyu kuwa zama ne kusa da mutum ɗaya. Kaina ya gane, bakina ne ya ƙi ganewa. Mu da aka rena a kan kada mu yi wa kowa mugun fata? Ko haɗarin mota mutum ya ambata, Umma cewa take bakinsa ya sari ɗanyen kashi.

Na dai gwada. Shekaranjiya da aka fita tara na saya mana awara, na ce mata lafiya kuwa? Ta ce lafiya lau. Na sake tambaya, ta ce lafiya lau, ko na zama likita ne ba ta da labari? Kunya ta kama ni, na yi dariya na bar zancen.

Jiya kuma ta rubuta a shafinta na Facebook cewa duk wanda ta taɓa yi wa laifi ya yafe mata. 'Yan ajinmu suka yi ta amsawa a ƙasa, mun yafe, mu ma a yafe mana. Har wadda ta fi kowa yaɗa bidiyon akuyar ta sa hoton fure. Ni ma na rubuta na yafe duniya da lahira, har ina jin daɗi wai ta fara sakewa da mutane. Ai kowa na yin haka.

Da safen nan ina shara sai na tsaya da tsintsiya a hannu. Ana neman yafiya in azumi ya gabato, ko ranar Juma'a, ko in mutum zai tafi Makka, ko za a yi masa aiki a asibiti. Jiya Talata ce, Yaya. Azumi da sauran nisa. Rashida ba ta da wata tafiya da na sani. Kuma yau ba ta zo makaranta ba.

Wataƙila ni ce ke cika wa miya gishiri. In na je gidan mutane na furta wannan kalma, ya zamana ba haka ba ne, da wane ido zan ƙara kallon mahaifiyarta? In kuma ban je ba, to wannan layin ba zan iya ƙarasa shi ba. Kawu sai jibi zai tashi, amsarki ba za ta riske ni ba. Na ce wa Umma zan je Rafindaɗi, unguwar su Rashida, karɓo littafi. Ga hijabin a kafaɗata, ban san abin da bakina zai yi ba in na isa.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Baraka.


Ranar Lahadi.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, kuma malamin da ke duba aikinki ya rage jan biro. Ki yi haƙuri da kiran da kika yi ta yi ina ce miki lafiya lau kawai. Baba na zaune a gefe.

Ranar da na je na sami Mama Tani, mahaifiyar Rashida, a kan keken ɗinki a rumfa. Muka gaisa, ta ce tana ɗaki, ciwon kai ne. Na shiga na ga ɗakin a share tsaf, littattafanta a ɗaure, wai dama za ta aiko mini da su. Na gaishe ta da gida, da gajiya, da ciwon kai. Na tambayi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, har kyanwarsu sai da na tambaya. Gaisuwa ta ƙare, babu sauran wanda zan ɓuya a bayansa. Sai na kafa wa tabarma ido na tambaye ta ko tana tunanin kashe kanta, yadda kika rubuta, ban sauya kalma ba.

Na zaci za ta zage ni. Sai ta ce wa ya gaya mini. Ta yi kuka marar sauti irin wanda ban taɓa gani ba. Ta ce ba akuyar kaɗai ba ce. Ta daɗe ba ta barcin kirki, ba ta jin ɗanɗanon komai, kuma tana jin kunyar Allah da wannan tunani, shi ya sa ta kasa faɗa wa kowa. Da ta ga yadda ake faɗin alherin Nasiru sai ta ga kamar sai mutum ya tafi ake daina yi masa dariya. Na ce hoton da na tura ne? Ta ce ta gan shi a wurare da yawa kafin nawa. Har yanzu ban sani ba ko wannan ya wanke ni.

Daga nan ta riƙe hannuna ta ce amana, kada kowa ya ji. Kin san nauyin amana. Na ce mata wannan ba zan iya ɗauka ba. Na fita na durƙusa gaban keken ɗinki. Mama Tani ta ce a'uzubillahi, wace irin magana ce wannan, ɗiyarta mai salla ce. Na ce na sani, Mama, ita ma abin da ya hana ta faɗa ke nan. Sai ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta tashi ta shiga ɗakin, rigar da take ɗinkawa na maƙale a allura.

Washegari suka kai ta asibiti wurin likitan da ke duba damuwa. Mama Tani ta ce ta ɗauka sai mahaukaci mai jifa ake kaiwa can, sai ta tarar da mutane a layi tsaf da su, har da wani malamin makaranta. Ana haɗawa da addu'a a gida, kuma ba a barinta ita kaɗai. Likita ya ce abin a hankali ne, akwai ranakun da za su yi nauyi.

Ni kuwa Rashida ta daina yi mini magana. Da na kasa jurewa na gaya wa Umma komai, na jira faɗa. Cewa ta yi in shirya in je dubiya. Na ce ana dubiyar irin wannan? Ta ce ciwo ciwo ne, ta aike ni bakin titi in sayo lemo da ayaba.

Jiya na je. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsintar wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ajiye ledar na ce ta yafe mini. Ta ce ba ta yafe ba, maciyar amana kawai, ba yau ba kuma ba gobe ba. Wai in dawo bayan jarrabawar ƙarshe in sake roƙo, sai ta ga irin kayen da zan sha a lissafi tukuna. Ta jawo ledar ta yanka lemo ta tsotsa, ta yamutsa fuska ta ce har yanzu ban iya sayayya ba.

Yaya, jarrabawar nan fa sai baɗi. Tun daga Rafindaɗi har gida ina tafe ina murmushi a cikin hijabi kamar wadda aka yi wa albishir. Ranar da ta nemi yafiya kowa ya yafe, har da ni, saura kaɗan mu rasa ta. Jiya an hana ni yafiya, kuma ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi haka ba. Ban gane kaina ba. Ko akwai wannan a cikin binciken naku?

Asabar mai zuwa zan koma. Wannan karon sai na ɗanɗana lemon kafin in saya.

Umma na gaishe ki, Baba na sa miki albarka. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Baraka.