Isuhu, Ka Tafi Ba Ka Gaya Mini Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Isuhu ɗan Malam Garba, a duk inda kake a ƙasar Aljeriya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne Lawali. Yaya Rabi ce ke rubutawa ina faɗa mata, kuma na ce ta sa inda kowa zai karanta, tunda lambarka ta daina shiga. Na roƙe ta kada ta sassauta mini magana ko da ta yi zafi.

Ka san yadda ka same ni. Ƙyanda ta cinye mini idanu tun ina ƙarami, aikina zaman dakali a ƙofar gida. Kai kana gyaran babur a bakin tasha. Ka tsaya a kaina ka ce, “Ƙafafun nan naka sun fi ƙarfin zama.” Washegari bayan asuba ka ɗaure hannuna da naka da zariyar wando, muka hau hanyar Tsauni. Kana cewa, “Rami, ɗaga. Dama kaɗan. Saki jiki, fili ne.” Ban taɓa jin iska ta doki ƙirjina haka ba. Na yi ta dariya har na ƙware.

Da muka ci gasar naƙasassu a Damagaram, mutanen Matameye da ke ce mini makahon gidan Alhaji Sale suka koyi sunana. Aka zaɓe mu zuwa Yamai. Ka ce da bakinka, “Ko ƙasar Turawa ce, hannunka na nawa.”

Ana saura ƴan kwanaki tafiya na fito da takalmin gudu na zauna ina jiranka. Rana ta fito, ta yi zafi, ina zaune. Mai shayin kan kwana ne ya gaya mini ka shiga motar Agadas tun jiya. Yana faɗa yana juya cokali a kofi, kamar labarin kasuwa. Kowa ya sani, Isuhu. Uwarka ta sani, yaran garejinku sun sani. Ni da muke numfashi tare kaɗai ka ɓoye wa.

Ban ƙi talaucinka ba. Na san damina ta ƙi, na san gidanku. Da ka faɗa mini, da na raka ka tasha.

A Yamai suka haɗa ni da wani ɗan gudu da ban sani ba. Kunyar riƙe hannuna yake ji. Bai ce mini rami ba, bai ce dama ba, ja kawai yake kamar ya kamo akuya. A kwana ta biyu ta filin gudu na kifa da fuska, ya ja ni a ƙasa kafin ya tsaya. Na ji dariya ta tashi daga inda ƴan kallo suke. Wani ya ɗauka a waya.

Kafin in iso gida hoton ya riga ni. Suka sa masa kiɗa. Ni ban gan shi ba, ba kuma zan gani ba, amma na haddace kiɗan, don duk majalisar da na wuce sai wani ya kunna. Samarin da suka ɗaga ni sama ranar Damagaram su ne suka fi kowa ƙyalƙyatawa.

Sai na shige ɗaki. Abinci ya daina mini daɗi, wanka ya zama aiki. In na ji kiran sallar asuba sai ƙirjina ya yi nauyi, don lokacin gudunmu ne. Na daina son gari ya waye. Baba ya ce raki ne, mai imani ba ya haka. Kawu Idi ya ce iska ce na kwaso a Yamai, ya kai ni wurin wani mai magani a Icirnawa. Suka danne ni, suka turara mini hayaƙi mai shaƙe wuya, suka zane mini baya da tsumagiya wai aljanin ya faɗi sunansa. Na ƙirƙiro suna na ba su don su bar ni. Kawu ya dawo yana gaya wa mutane an dace.

Ana cikin haka wata Hajiya mai kai mutane bara Aljeriya ta zo gidanmu. Ta zauna a tsakar gida tana cinikina da Baba kamar ba ni nan. Ta ce makaho matashi ya fi tsoho ban tausayi. Sai ta juyo gare ni ta ce in kwantar da hankalina, ba zan yi kewa ba, abokina ma yana can garin Tamanrasat yana yi wa wani makahon tsoho ɗan Kurni jagora, suna zaga masallatai.

Na so ka ji abin da na ji a lokacin. Har yanzu ina so. Ashe ba riƙon makaho ne ya ishe ka ba, wanda yake gudu ne bai da amfani.

Yaya Rabi ce ta kori matar da muciya a hannu. Ita ce kuma ta kai ni asibiti a Damagaram ba da sanin Baba ba. Likitan ya bar ni na yi magana har na gaji, sannan ya ce ciwon damuwa ne, yana kama masu ido da marasa ido, kuma yana da magani. Shi ne mutum na farko da ya tambaye ni gudun ne nake kewa ko kai. Ina shan ƙwayoyin, ina komawa wurinsa. Wata rana da sauƙi, wata rana babu. Ban sake gudu ba.

Uwarka takan leƙo ta gaishe ni, tana tambaya ko ka kira. Muryarta ta tsufa ƙwarai. Mun ji ana kwaso mutane ana zubarwa a hamada bakin iyaka, kuma duk sanda aka faɗi haka sai in tuna da kai, sai in ji haushin kaina da na damu.

Tsohon nan da kake riƙe da shi, ka rage sauri, kana da gaggawa in ka ga fili. Ka riƙa yi masa magana ko ba rami a gabansa, shirun jagora yana da ban tsoro. In kuma ranar rabuwarku ta zo, ka faɗa masa da bakinka, kada ya ji a wurin mai shayi.

Allah ya tsare ka daga ƙishin hamada da hannun azzalumai. Allah ya maido ka ga uwarka tana da rai. Ni kuma Allah ya yaye mini wannan ciwo, ya ba ni ikon yafe maka, don har yau ban iya ba.

Wassalam.

Abokinka,
Lawali, Matameye