In Ci Gaba da Gyaran Bakina ko In Zama Bebe?

Assalamu alaikum 'yan'uwa Hausawan Bahiya ta ƙasar Brazil. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya ishe ni. Malam ne zai faɗa muku a madadina, in da bakina ne sai la'asar ta wuce ban gama gaisuwa ba. Na roƙe shi ya ɓoye sunana, ko da yake masu i'ina nawa ne a cikinmu.

Aikina ɗaukar matar ubangidana a kujerar da ake saɓawa a kafaɗa, ni da wani dattijo, Baba Garba. Shi ya lura in muna waƙar ɗaukar kaya bakina ba ya sarƙewa, sai ya sa ni kullum in riƙa magana daidai da takuna, taku ɗaya kalma ɗaya. Haka muke yi duk safiyar Allah a hawan tudun da ake kira Ladeira da Praça, gumi na zuba, yana tambaya ina amsawa. Wallahi na ga sauƙi, har na iya ba shi labarin garinmu ban tsaya ba, ranar sai da na yi hawaye.

Ashe bakin ya saba da ƙafa. Rannan matar ta tambaye ni inda na ajiye laimarta, ina tsaye cak, maganar ta maƙale, sai na buga ƙafa a ƙasa don ta fito. Ita kuwa ta ce raini ne. Aka yi min bulalar da har yau ba na kwanciya rigingine, ubangidan ya rantse in na ƙara zai sayar da ni gonar rake, kun dai san yadda ake ƙarewa a can.

Yanzu Baba Garba ya ce mu ci gaba, sai dai maimakon buga ƙafa in koma matsa yatsa a tafin hannu, a hankali zan saba. Na ce masa a hankalin nan bayana ne ke biya, ba nasa ba, muka yi cacar baki har ya yi fushi. Wani kuma ya ce in nuna dukan ya ɗauke min magana gaba ɗaya, ba a tambayar bebe balle ya yi laifi.

To amma gidan cike yake da 'yan kai rahoto, in na fara bebantaka ba ranar dainawa, ko ku na gamu da ku a hanya ba zan amsa sallama ba. Ina tsoron rake, kuma ina ƙyashin bakin nan da na sha wuya kafin ya buɗe. Ku gaya min, wanne zan ɗauka?